Kafin ka hau jirgin Tarkwa Bay, duba teku tukuna

Ka sauka Legas hutu, abokai sun ce gobe sai Tarkwa Bay. Waya cike da caji, hankalinka duk yana kan hoton da za ka ɗora a Instagram. To dakata, malam. Wurin nan ta ruwa ake zuwansa, kuma teku ba dam ɗin Tiga ba ne.

Mu da muka saba da kogi mun san in iska ta kwanta, ruwa ma ya kwanta. A teku lissafin ya bambanta. Akwai gajerun igiyoyi masu farin kumfa da iskar wurin ke tayarwa. Akwai kuma doguwar igiya wadda guguwa ta haifa can kudancin tekun Atlantika, ta yi tafiyar dubban kilomita ta iso gaɓar Legas ko da ganye ba ya motsi. Wannan ce mayaudariya.

Shi ya sa in ka buɗe hasashen yanayin teku a wayarka, lamba uku za ka nema: ƙarfin iska, tsayin igiya, da daƙiƙun da ke tsakanin igiya da igiya. Ta ukun nan mutane ke tsallakewa. Igiya mai tsayin mita 1 da ke zuwa duk bayan daƙiƙa 14 ta fi mai zuwa duk daƙiƙa 6 ƙarfi nesa ba kusa ba, don in ta iso inda babu zurfi sai ta miƙe tsaye. In kuma ta yi karo da ruwan da ke janyewa zuwa teku ta bakin tashar jiragen Legas, nan ƙaramin jirgi ke shan wuya.

Lokaci ma yana da nasa. Daga Yuli zuwa Satumba iskar damina daga kudu maso yamma ta fi ƙarfi, teku ya fi fushi. A Disamba da Janairu yakan lafa, amma hazon hunturu kan hana matuƙi gani nesa.

Hukumar LASWA ta wajabta sanya rigar ceto. Ɗaura ta da kyau, ko da ta ɓata maka kwalliya. Kar ka shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kar ka bari dare ya same ka a ruwa. In matuƙi ya ce yau ba ta yiwuwa, kar ka ja da shi. Tarkwa Bay na nan gobe, su Umma kuma suna jiran kiranka yau.