Wa Ke Ɗaukar Nauyin Karatu a Ƙetare?

Ɗalibi ko malamin jami'a daga Anka, Gummi ko Bukkuyum, in yana son ƙaro ilmi a ƙetare, tambayarsa ta fari ita ce wa zai ɗauki nauyinsa. Akwai shirin Fulbright na Amurka, wanda aka kafa a 1946, da na ƙasashe rainon Ingila na 1959. A waɗannan galibi ƙasar da ta karɓi baƙo ke biya. A gida kuwa asusun TETFund, wanda tushensa harajin ilmi ne na 1993, shi ya riƙa tura malamai. Da darajar naira ta faɗi daga 2023, sai asusun ya dakatar da turawa waje a farkon 2025. Saboda haka tilas mai niyya ya nemi tallafin waje tun da wuri.