Tsai da Sigar Taskar PROJ Wajen Harhaɗa GDAL: Misali daga Adar-Dutsi-Majiya

1. Gabatarwa

Tun daga 1984, lokacin da Italiya da hukumar FAO suka soma aikin raya karkara na Kaita, masu bincike ke amfani da taswira da hotunan tauraron ɗan Adam don auna ƙasar da aka farfaɗo a gundumomin Kaita, Buza da Madawa. Manhajar GDAL, mai karanta waɗannan hotuna, tana dogara da taskar shirye-shirye (bibliothèque) mai suna PROJ wajen lissafin mazaunin wurare. Manufarmu ita ce mu nuna dalilin tsai da sigar wannan taska, da hanyar yin haka.

2. Matsalar

A 2019 aka fitar da PROJ 6 da GDAL 3.0, wadda ba ta harhaɗuwa da sigar da ta gaza ta 6. A 2021 kuma PROJ 8 ta kawar da tsohon fayil proj_api.h, saboda haka shirin da aka rubuta a kansa ba ya harhaɗuwa da ita.

Ban da haka, GDAL 3 tana bin tsarin EPSG:4326 yadda yake, wato latitid kafin lonjitid. Kaita tana wajen 14,75° arewa da 5,77° gabas. Idan lambobin suka juye, garin zai faɗa kusa da iyakar Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ba tare da na'ura ta yi gargaɗi ba.

3. Hanyar aiki

(a) A girka sigar da ake bukata a wuri na dabam, misali /opt/proj-6.3.
(b) A nuna wa mai harhaɗawa wurin: --with-proj=/opt/proj-6.3 a tsohon tsarin configure, ko -DCMAKE_PREFIX_PATH=/opt/proj-6.3 a CMake, wanda shi kaɗai ya rage tun daga GDAL 3.6.
(c) A sa LD_LIBRARY_PATH da PROJ_LIB su fuskanci wannan wuri, don kada a ɗauko proj.db na wata siga.
(d) A tabbatar da umurnin ldd cewa taskar da aka zaɓa ita ce aka ɗaura.
(e) Shirin da ke sa lonjitid a gaba, a ba shi OAMS_TRADITIONAL_GIS_ORDER.

4. Gwaji

Layin 6° gabas ya ratsa tsakanin Madawa da Buza: Madawa da Kaita suna shiyyar UTM 31 (EPSG:32631), garin Buza kuwa yana ta 32 (EPSG:32632). Juya mazaunin garuruwan uku ya isa gwajin farko. A ƙarshe, ya kamata ɗalibi ya rubuta lambar kowace siga cikin kundinsa, domin wani ya iya maimaita lissafin.