Ƙabar Saman Cinya Idan Ta Maƙale, da Yadda Likitoci Ke Gyara Ta

Mai karatu ya sani ƙaba iri-iri ce. Akwai wadda ke fitowa a matsematsi, can saman cinya, ta wata 'yar kafa da ke gefen babbar jijiyar jinin ƙafa. Ta fi samun mata, musamman dattijai da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Tari mai daɗewa, da yunƙurin bayan gida, da ɗaukar kaya masu nauyi suna taimaka mata.

Girmanta sau da yawa bai wuce goro ba, don haka akan ɗauka kaluluwa ce. Amma bakin kafar matsattse ne, ba ya buɗuwa. Idan hanji ya shiga ya kasa komawa, sai hanyar jininsa ta shaƙe, yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Alamunta su ne ƙullutu mai zafi wanda ba ya komawa, da amai, da kumburin ciki, da ɗaukewar bayan gida da tusa.

A da sai an tsaga wurin. A 1982 likita Ralph Ger ya ba da labarin rufe ƙaba ta hanyar leƙa ciki da madubi, aikin kuwa ya yaɗu bayan 1990. Ga yadda ake yi. A sa majiyyaci barci, a huda ciki wuri uku, ɗaya a cibiya. A hura iska domin ciki ya buɗe, a zura madubi mai fitila, hoton ya fito a allo. Likita ya jawo hanjin a hankali, ya dakata ya duba. In ya koma ja yana motsi, ya tsira; in ya yi baƙi, sai a yanke ruɓaɓɓen a haɗa sauran. Sa'an nan a shimfiɗa raga ta rufe kafar. In hanjin ya fashe, akan bar raga a yi ɗinki, wani lokaci ma sai an koma ga tsagawa.

Ciwo bayan wannan aiki yakan yi sauƙi, amma ɗaukar kaya sai bayan makonni.

To, maigidan da iyalinsa ta yi kukan ƙullutu a wannan wuri, kada kunya ta jawo jinkiri. Kada a danna, kada a ɗaure da ɗamara, kada a ba ta abinci ko jiƙo. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.