Ƙuduji Daban, Harkiya Daban

Ɗan birni in ya leƙa gona, duk abin da ba hatsi ba ciyawa ce a wurinsa. Kawuna kuwa, Allah ya jiƙansa, sai ya duƙa ya tsinko, ya murza a yatsa, ya kira ta da sunanta. Sunan ne ke gaya masa yaushe za ta dawo, da kuma lungun gonar da za ta nufa.

Haka likitoci suke da sankarar mama. Mu suna ɗaya muka sani. Su kuwa sai an yanko ɗan nama an kai ɗakin gwaji an duba abu uku: ko ƙwayoyin cutar na amsa kiran estrojin, ko na furojestaron, wato sinadaran jikin mace, ko kuma suna ɗauke da furotin HER2 fiye da kima.

Mai amsa kiran sinadaran mace ita ta fi yawa, kusan 70 cikin ɗari, kuma ita ce ƙuduji. Manomin dawa ya san halinsa. Irinsa kamar ƙura, ya yi lamo a ƙasa shekara goma ko fiye, sai saiwar dawa ta matso ya ji ƙanshinta ya farka. Wannan sankarar ma ba ta gaggawa, kuma tana jin magani, amma 'yan ƙwayoyinta kan sulale su kwanta a ɓargo. In za ta dawo, ƙashi ta fi so: gadon baya, ƙugu, haƙarƙari. Tun 1889 wani likitan fiɗa a Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan gawar mata 735, ya ga cutar ba ko'ina take faɗawa ba, ya kwatanta abin da iri da ƙasar da ta karɓe shi. Bature ma harshen manoma ya ara.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya bi mata sama da 60,000 masu irin wannan sankarar da suka gama shekara biyar suna shan magani. Kafin cikar shekara 20, cutar ta ɓulla a wata gaɓa ga kusan 13 cikin ɗari na masu ƙaramin ƙari da bai taɓa kaluluwar hammata ba, da 41 cikin ɗari na waɗanda nasu ya girma ya kama kaluluwa da yawa. Shi ya sa ake shan tamoxifen shekara biyar, wani lokacin goma, don ya toshe wa ƙudujin hanci. Mace ta murmure, tana zuwa biki da suna, kishiya ko maƙwabciya ta ce, "Yaya, har yanzu ƙwayar nan?" Ni dai ban ga laifin mai gajiya ba, amma kawu ya yi damina uku yana zuba gyaɗa a gonar da ya daina ganin furen ƙuduji.

Wadda gwaji ukun duk suka ce babu, harkiya ce. Ruwa ɗaya, ta rufe kunya. Ba ta da hancin da za a toshe, galibi sai fiɗa da kemo da gashi. In za ta dawo, yawanci cikin shekara uku na farko ne, ta nufi huhu ko ƙwaƙwalwa. Wadda ta haye shekara biyar kuwa, haɗarin ya ragu ƙwarai, kamar gonar da aka yi wa maimai a kan kari. Irin wannan ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, ta kuma fi kama masu ƙuruciya, ga shi gwajin ba kowane asibiti ke yin sa ba.

Mai HER2 a da ita ce abin tsoro, har aka amince da allurar trastuzumab a Amurka a 1998, labari ya sauya. Hanta takan nufa, da ƙwaƙwalwa, inda allurar ba ta ratsawa sosai. Kamar ciyawar gindin shinge ce: an yi feshi gona ta yi fes, ita tana can ƙarƙashin ƙaya. Wurin nan kawu da fartanya yake bi, a durƙushe.