Hawan tsaunukan Azbin da ja-gora: yadda ake yi, da abin da ya durƙusar da sana'ar

An san Arlit da ƙarfen uraniyom, amma gabas da garin akwai wata dukiyar da ba a haƙa: tsaunukan Azbin, waɗanda ake kira Ayar. Shekaru da dama baƙi sun riƙa zuwa ƙungiya-ƙungiya suna hawa su da ƙafa.

Ba a shiga waɗannan duwatsu sai da ja-gora ɗan ƙasa. Shi ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe, da ƙoramar da ake bi a haura. Raƙuma ko jakuna ke ɗaukar ruwa, abinci da barguna. Ana tashi da sassafe, a ya da zango a inuwa idan rana ta take, a ci gaba da la'asar, a kwana a fili. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ba a kwana cikin ƙorama, domin ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa na iya saukowa ba zato.

Mafi tsawon tsaunukan shi ne Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022, wuri mafi tudu a duk faɗin Nijar. A samansa akwai ƙauyuka da garake na tafarnuwa da dankalin turawa. Timia ta yi suna da lemo da rumman, Iferuwan kuwa ita ce mashigar dutsen Tamgak. A 1991 UNESCO ta sa gandun Ayar da Tenere cikin kayan gadon duniya.

Rashin tsaro ne ya karya sana'ar. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kori baƙi, na 2007 ya sake korar su. A ranar 16 ga Satumba 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa, daga nan kamfanonin yawon buɗe ido na Turai suka janye. 'Yan ja-gora, masu raƙuma, direbobi da maƙeran azurfa suka rasa abin yi, wasunsu suka koma haƙar zinariya.

Arlit ma ta ɗanɗana irin wannan, lokacin da Cominak ta rufe mahaƙarta a ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka zauna. Ma'adini yana ƙarewa, dutse kuwa yana nan daram.

Abin da ke iya salwanta shi ne sanin hanya, domin ba a rubuce yake ba, daga uba ɗa ke koyonsa. Idan 'yan makaranta da ma'aikatan Arlit da Akokan suka riƙa haɗa kuɗi suna ɗaukar ja-gora, da izinin hukuma, sana'ar ba za ta tsaya jiran Turawa kaɗai ba.