Ba Ƙashin Samudawa Ba Ne

Hoton nan ya sake yawo a wayoyin mutanen Bichi da Ɗambatta: ƙaton ƙwarangwal kwance a rami, wai an tono Basamude. Har wasu masu magani a kasuwannin ƙauye sun samu abin talla, suna ƙulla garin ƙashi a leda wai na ƙarfin jiki ne. Haba jama'a!

Irin waɗannan hotuna haɗin kwamfuta ne. Wanda ya fi yaɗuwa, a 2002 aka haɗa shi don wata gasa a intanet.

Manyan ƙasusuwa kam akwai su, a nan maƙwabta ma, amma na dabbobin da ake kira dainoso ne. A 1997 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya tono wata a yankin Agadas ta Nijar, aka sa mata suna Jobaria, daga Jobar, wani dodo a tatsuniyar Buzaye. Ganye take ci. Tsawonta wajen mita 20, ta fi tirela, kuma ta rayu sama da shekara miliyan 130 da suka wuce.

To, ina mutum a nan? Ƙafafu huɗu gare ta da doguwar wutsiya. Gaɓoɓin wuyanta 12, na ɗan Adam 7. Kan nata ɗan mitsitsi ne in aka dubi gangar jikin. Labarin Samudawa yana nan a Alƙur'ani, ba ya buƙatar a tallafe shi da hoton ƙarya, kuma mai turawa ba bincike yana da kasonsa na alhaki.

Mafi yawan ƙasar Kano bisa fa take, dutsen da ba ya adana ƙashi. Abin da mai haƙar rijiya zai ci karo da shi galibi na raƙumi ne ko sa. In ka ga mai girma, kada ka fasa, kada ka daka. Ajiye fartanya kusa da shi ka ɗauki hoto don a gane girmansa, ka sanar da dagaci, a kai maganar Gidan Makama ko Jami'ar Bayero. In tsohon kabari ne, a mayar da ƙasa. Garin ledar nan kuwa, in ma na dainoso ne da gaske, ƙashin ya daɗe da zama dutse. Kada ka ba ɗanka ya sha.