Sinadaran kare ƙwayoyin jiki ga masu juna biyu masu ƙiba

Sinadaran kare ƙwayoyin jiki, irin su bitamin C da bitamin E, suna rage lahanin da wasu sinadarai masu ɗauke da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki. Wannan lahani yakan ƙaru a jikin mai juna biyu mai ƙiba, wato wadda ma'aunin BMI ɗinta ya kai 30 ko fiye, kuma ana danganta shi da matsalar mabiyya da hawan jinin da kan kai ga jijjiga. Shi ya sa aka yi zaton ƙwayoyin bitamin za su kare uwa da ɗan tayi.

Gwaji bai tabbatar da wannan zato ba. A binciken VIP da aka yi a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2006, an riƙa ba mata masu haɗarin kamuwa da cutar, ciki har da masu ƙiba, bitamin C da E kullum. Cutar ba ta ragu ba, sai ma aka sami ƙarin jarirai marasa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar shan su domin wannan manufa.